Bambo Likoswe da Rumfar Motar Amayi

A da, kowace safiya Bambo Likoswe kafinta yakan tura kekensa ya haura unguwarmu a garin Zomba, zarto ɗaure a baya, sukundireba a aljihun riga. Ba ya wuce rumfar motar kowa bai tsaya ba. Sai ya ƙwanƙwasa ginshiƙi, ya kasa kunne, ya soka sukundireba a gindinsa, ya girgiza kai. Ba wanda ya kira shi. A zaman makokin maƙwabcinmu ma haka ya yi, ana tsakiyar addu'a ya tashi mutane daga ƙarƙashin wata azara. Aka yi ta tsaki. Kafin damina ta fita azarar ta faɗo kan buhunan masara.

Yanzu ya ajiye aiki, gwiwoyinsa sun ƙi tsani, kuma na rantse sai na yi masa jinjina ko da ban gama jin haushinsa ba.

Mu nan kowa fenti yake yi wa rumfarsa gab da Kirsimeti, wato daidai lokacin da ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa. A shafe jiƙaƙƙen katako da fari don baƙi su yaba, ruwan ya maƙale a ciki, katako ya ruɓe. Yayana Limbani ya ƙware a wannan. Motar mahaifinmu ta daɗe da tafiya, amma tun da Amayi, mahaifiyarmu, ta samu shanyewar ɓarin jiki, rumfar nan ce duniyarta. Nan muke turo ta a kekenta na marasa lafiya da safe, ta wuni tana ganin masu wucewa suna gaishe ta. Ranar da muka bar ta a ɗaki, ko nsima, tuwon masararmu, ba ta taɓawa.

Wata rana Bambo ya leƙo ya soka sukundirebarsa a babbar azarar da ke saman kanta. Ta shige har mariƙi kamar cikin dafaffen rogo.

Limbani ya ce, “A rushe kawai, Bambo. In an samu hali baɗi a yi ta ƙarfe.”

“Daga yau zuwa baɗin, ina Amayi za ta zauna? A kanka?”

Na ce, “To a cire kwanon gaba ɗaya a gama cikin mako.”

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. “'Yar nan, a zafin ranar nan na Oktoba? Kwano ba zai sauka ba. Kawo min shayi.”

Nan wahalata ta fara. Ya aro jak ɗin mota ya tokare rabin rumfar, ya tura keken Amayi ɗaya rabin. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya feƙe sabon katako ya haɗa da tsohon, ya ɗaure da ƙusoshi masu noti. Katakon da na sayo daga kan dutsen da ke saman garinmu ya ce ɗanye ne, ya jingine shi a inuwa ya ce sai ya bushe. Makonni muna kallon katako. Ya shafa baƙin mai, ya jira ya sha, ya sake shafawa. Gindin ginshiƙai ya ɗaga su kan ƙarfe don kada su ƙara shan ruwan ƙasa. Kowane yanka sai ya nuna wa Amayi ya ce, “Kun yarda, Amayi?” Matar da kalma ɗaya ke ɗaukarta rabin yini, shi kuwa ya tsaya da zarto a hannu yana jira. Hadari yana taruwa a kan dutse, ni ina safa da marwa, shi yana neman ƙarin sukari. Wallahi akwai ranar da na shiga kicin na rufe ƙofa don kada in faɗa wa dattijo abin da zan yi nadama.

Kai ne, Bambo, mutumin da ya fi kowa cinye min haƙuri. Kai ne kuma wanda ya gyara rumfa sukutum ba tare da tsohuwa ta kwashe yini ɗaya a ɗaki ba. Mai kunnen jin katako, na gode, duk da ganyen shayina da ka ƙarar.

Ruwan farko ya sauko Bambo yana ɗaure ginshiƙi na ƙarshe. Limbani ya fito da gwangwanin fenti, Bambo ya karɓe ya ɗora a kekensa ya tafi da shi gida. Har yau bai dawo da shi ba.

Ku kuma maƙwabta, Disamba ta ƙarato, na ga kun fara sayen buroshi. Ba mai zuwa ya ƙwanƙwasa muku kuma. Ku ajiye fentin nan, ku ɗauki sukundireba ku soka, ku ga abin da 'ya'yanku ke wasa a ƙarƙashinsa.

A gidanmu dai an samu magaji. Kowace safiya in na turo Amayi, sai ta ɗaga sandarta da hannun da ke aiki, ta bugi ginshiƙi, ta kasa kunne. Ba ta barina in koma ciki sai na tsaya na ji amon tare da ita.