Baba Githaiga, Mai Tatsar Ruwa Daga Tururi

"Cire takalman nan tukuna, ba ofis kika shigo ba. Yau ma da fom kika zo?"

Da haka matarka, Maman Ndegwa, ta tarbe ni a bakin ƙofa, Baba Githaiga, kwana uku bayan an binne ka. Na ce gaisuwa na zo yi. Ta ce to, in shigo.

Ka rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, kana da shekara saba'in da takwas. Labarin ya same ni a Nairobi, ina tsakiyar taron bita kan yadda ake sauraron mutanen karkara. Sai da aka tashi na yi kuka. An sha yabona da natsuwa.

Duk wanda ya tashi a garinmu Ndogoini ruwan hannunka ya sha. Ba mu da rafi, ba mu da rijiya, sai tururin da ƙasa ke fitarwa a gangaren dutse. Kai ne kake kifa rabin duro a bakin rami, ka liƙe shi da laka, ka jona dogon bututu, ka karkata shi yadda iska za ta sanyaya shi, tururi ya koma ruwa yana ɗiga cikin jarka. Ramuka arba'in da ɗaya ka ɗaura wa bututu, duk da ido kake aunawa. Shekarar da mahaifina ya rasu, ka ƙara wa namu tsawo har bayan ɗaki don kada mahaifiyata ta riƙa hawan dutse da ciwon gwiwa. Da ta je godiya, cewa ka yi bututun ne ya yi maka yawa, kana neman inda za ka yar. Ranar da zan tafi jami'a kuma ka ce, "Je ki karanto mana ruwa, 'yata. Mu a jahilce muke shan sa."

Na karanto. Shekara shida da suka wuce wani kamfani ya nemi lasisin haƙa rijiyoyin tururi a bayan dutsenmu don samar da lantarki. Kafin a haƙa, dole a lissafa duk inda jama'ar yankin ke samun ruwa, domin abin da aka lissafa shi ake aunawa, shi ake karewa. Ni aka ɗauka in yi lissafin, saboda ni 'yar gari ce. Kwana biyu kana zagayawa da ni rami rami, kana faɗa mini gidajen da kowanne ke shayarwa.

Gurbi huɗu ne a fom ɗin: kogi, tafki, maɓuɓɓuga, rijiya. A kowanne na rubuta babu.

"Babu kika rubuta?" ka tambaye ni.

"Baba, ba gurbin tururi. A wurinsu tururi makamashi ne, dokarsa daban."

"To ki rubuta a gefe mana. Takardar taku ba ta da gefe?"

Na ce zan saka a rataye, wato ƙarin shafi a bayan rahoton. Shugabana ya ce rataye na jawo tambayoyi, tambayoyi na jawo jinkiri. Ban saka ba. Ban rubuta kalmar ƙarya ko ɗaya ba, kuma na daɗe ina jin daɗin wannan hujja.

Yau ramuka sha bakwai ne ke ɗiga. Ko rijiyoyin ne suka janye tururin, ko saran daji, ko fari, ba zan iya rantsuwa ba, domin ba a auna komai kafin haƙa ba. Ba a auna ba saboda na ce babu abin aunawa. Da kuka kai ƙara, rahotona aka karanta muku: wurin da ba shi da ruwa ba zai yi asarar ruwa ba.

Ba ka taɓa tozarta ni a gaban mutane ba. Duk Kirsimeti sai ka cika mini kwano da githeri, dafaffiyar masara da wake, ka tambayi aiki, sannan ka ce, "An yi wa fom ɗin gefe?" Mu yi dariya. Ni ce nake fara dariyar.

A watan Janairu ka kira ni a waya, ba wasa a muryarka. Za a sabunta lasisin kamfanin, za a rufe karɓar ƙorafi ƙarshen Maris, kuma lauyan gari ya ce ba abin da zai sa a sake duba batun sai takardar rantsuwa daga wadda ta sa hannu a rahoton, cewa ta ga ramukan ta bar su. Ni da kai mun san cewa hakan zai iya sa a soke rajistata ta aiki. Na ce zan yi tunani. Ka ce, "Yi a hankali, 'yata." Na kuwa yi a hankali.

Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa. Yadda ka shayar da gari guda ba tare da gori ba, Allah ya shayar da kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maman Ndegwa, da Ndegwa da ƙanwarsa Wacuka, da jikoki, da dukan mutanen Ndogoini. Allah ya ba su haƙuri, ya tsare musu abin da ya rage.

Kafin in tashi na miƙa wa Maman Ndegwa kwafin takardar rantsuwar, wadda na sa wa hannu a garin Naivasha da safiyar ranar, na miƙa wa lauyan gari asalinta. Ta juya ta gaba da baya, ta daɗe tana duban hatimin.

"Za su kore ki?"

"Wataƙila, Mama."

"Da a Janairu kika kawo, da shi zai karanta mini." Ta ninke ta, ta sa a aljihun rigar sanyinta. "Tashi, zan rufe. Jaki na jira, ruwa ya yi nisa yanzu."

Ta jawo ƙofar ta sa kwaɗo, ta kora jakin da jarkokinsa suka gangara. Ni kuma na nufi inda na bar mota.