Abin da Na Gano a Bayan Littafin Awona

A lokacin shekarata ashirin da tara, ina ɗinki a wani ɗan shago a ƙofar gidanmu a unguwar Ali Kazaure ta Jos, ina da miji da 'ya ɗaya 'yar aji biyu. Mahaifiyata ce abokiyar hirata. Kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma gefen keke, tana tsinke mini zare tana ba ni labarin zamanin haƙar kuza. Ta rasu cikin damina. A makon sadakar bakwai tari ya kama ni, na sayi maganin tari na kwalba. Tarin ya warke, ni kuma ban daina sha ba.

Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi na ji. In na juye shi cikin lemo na kurɓa, sai duniya ta yi laushi, kamar hazon da ke sauka kan duwatsu bayan ruwa ne ya shigo shagon ya zauna tare da ni. Ƙarar keke ta koma can nesa. Ina ganin bakin mutane na motsi, amma maganar sai ta daɗe kafin ta iso. Kusan shekara biyu na yi ina barci ido buɗe. Ranar da ba na son tunawa, 'yata ta tsaya a bakin makaranta ana ruwan ƙanƙara har kowa ya watse, ni ina zaune ina kallon labule yana kaɗawa.

Wata dattijuwa daga Anguwan Rukuba, tsohuwar nas, ita ta gano ni. Ta kawo ɗinkin rigar zuwa coci, na auna kafaɗarta har sau uku. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce ta sha ganin irin idanun nan a asibiti. Ita ta zauna kusa da ni na gaya wa maigidana, ita ta raka mu wurin likita. Da muka dawo ta ɗauki littafin awona, ta buɗe shi ta baya, ta ce, "'Yata, duk sanda ranki ya nema, kafin ki tashi rubuta ƙarfe nawa ne da abin da kike ji. Ko kin sha, rubuta. Ba mai karantawa sai ke."

Makonnin farko sun yi wuya: ciwon gaɓoɓi da zufa cikin sanyin Jos. Bayan wata guda, wata Juma'a ba aiki, na karanta abin da na tara. Kusan kowane shafi lokaci ɗaya ne, huɗu da rabi. Na daɗe ina kallon lambar kafin na gane lokacin zuwan Inna ne. Ashe kewarta nake binnewa a kwalba. Ranar na yi kukan da ban yi ba a zaman makoki. Daga nan na koma rubuta mata kamar wasiƙa, in ba ta labarin yini, sannan in rufe shago in taka da ƙafa in ɗauko 'yata daga Islamiyya.

Sau biyu na koma shan maganin, sau biyu na rubuta. Na uku ina tsaye a ƙofar kemis na tuna sai na zauna na rubuta wa Inna wannan ma da hannuna. Na juya gida.

Yau shekara uku ke nan rabona da shi. Rubutu bai maye gurbin likita ko addu'a ba, amma shi ya hana ni yi wa kaina ƙarya, ya nuna mini inda ciwon yake. 'Yan'uwana mata, tari in ya warke a yar da kwalbar. Wadda ta riga ta faɗa kuma, ta gaya wa wanda ta amince da shi, ta nemi asibiti, ta sami takarda ko da tsohon littafin 'ya'yanta ne. Ta rubuta gaskiyar yau kawai, gobe ta sake.