Kududdufin Limawa

Wallahi jiya saura kaɗan in faɗo daga acaɓa. Kududdufin Limawa babu shi! An cike, an jera shaguna.

Bakinsa marigayi dattijon layinmu yake zama, ƙafa duk laka, warin gansakuka na tashi. Ya taɓa nuna min wani gefe da sandarsa: "Nan kakanka ya haƙi ƙasar ɗakin da aka haifi ubanka."

Na ce, "Baba, kwaɗi ne shaidunka?"

Ya ce, "Ja'iri, riƙe wurin dai. Ni tafiya zan yi."

Na yi ta zagaye ina nema. Ƙarƙashin mai faci ne, ko mai kaset? Ba wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya ƙasar da ta rufe shi.