Shingen Bushiyoyin Baba Idi

"Sassauta murya, ɗana, barci suke yi," in ji Baba Idi, da muka shiga gonarsa a bayan Dutsi jiya da hantsi.

Tsohon maharbi ne. Da ya ga masu kama bushiya don magani sun kusa ƙarar da ita, sai ya rataye bindigarsa, ya shinge wani yanki na gonar ya bar musu.

Muka yi ta zagayawa ban ga komai ba. Can ya durƙusa, ya ɗaga busassun ganye a hankali. Sai ga uwa kwance, 'ya'ya huɗu manne da cikinta, ƙayarsu ko tauri ba ta yi ba.

Na ce, "Baba, dabbar da sai dare take fitowa, ko ganinta ba ka cika yi ba, me kake samu?"

Ya mayar da ganyen, ya ce, "Da safe nakan duba sawunsu a rairayi. In na ga ƙananan sawu na bin manya, sai in san ban gama kashe dajin nan ba."

Wallahi maganar nan ta shige ni.

Ku fa, yaushe rabonku da ganin bushiya a garinku?