Gatanar da ta rage cikin kasat

Shekarar da babanmu ya tafi biɗar kuɗi Abijan, da kasat muke yi masa wasiƙa, don ba mai karatu a gidanmu na Tabla. Bayan tuwon dare a hura wutar karan hatsi, a aje rediyo bisa turmi, kowa ya matso ya yi gaisuwa.

Kaka Hajo, uwar babanmu, ta ƙi.

"Ni ba ni gaida akwati," in ji ta. "Ku danna, in yi mishi gatana kamar da."

Ta ce wata mata ce ɗanta zai yi tafiya mai nisa. Ta zuba muryarta cikin gora, ta toshe da tsumma, ta ce ya buɗe in kewa ta kama shi. Yaron ya ji tsoron kar muryar ta ƙare. Ya wuce gari bakwai bai buɗe ba. Nan aka juya kasat, nan kuma barci ya ɗauke ni.

Da safe na tambaye ta ƙarshen.

"Gatana da rana? Kai, ɗan nema! Kana so ka ɓace a daji?"

Da dare ta ce ai yana cikin akwati, in jira ubana. Cikin damanar nan Kaka ta rasu.

Baba ya dawo da kasat ɗin bayan shekara huɗu. Rediyonmu ya fara cin zaren kasat a lokacin, na hana a sa. Na naɗe shi da tsumma, na jefa ƙasan adaka. Na yi aure, na haihu, na binne baba.

Bara na kai kasat ɗin kasuwar Baleyara, wurin mai zuba waƙoƙi cikin kart memuwar na salula. Ya yi dariya.

"Baba, wannan ai sai gidan tarihi."

Duk da haka ya tono wani tsohon rediyo. Ya sa bik na rubutu ya juya zaren. Zafin shekaru ya manne shi wuri guda. Ya ja kaɗan, zaren ya tsinke. Ya miƙo mini abina.

Yanzu jikokina suna aika murya ta salula kullum, su goge da yamma. Da na zaci adana abu shi ne ƙaunarsa. Ban sani ba ko yaron nan ya buɗe gorarsa, kuma duk sauran waɗanda suka zauna bakin wutar nan suna ƙasa.

Ƙaramar jikata ta ce in yi mata gatanar. Na kai ta gari na bakwai, na tsaya.

"Sai me, Kaka?"

Na ce ta je ta kwanta.