Ranar da Baba Ya Ɗaga Hannu

Har na shiga jami'a ban taɓa buɗe baki gaban mutum fiye da biyar ba. Malami na nuna ni a aji sai harshena ya yi nauyi, Faransancin ya gudu, Larabcin ya bi shi, Hausar ma da nake taƙama da ita a gida ta ce ba da ita ba. Shi ya sa a shekarata ta biyu, wajen ƙarshen shekarun 1990, da aka liƙa takarda a bango cewa za a ɗauki ɗalibai a koya musu jagoranci, abokaina suka rubuta sunana tare da nasu don tsokana. Aka ɗauke ni, su aka bar su. Har yau ban san abin da masu zaɓen suka gani ba.

Kowace Asabar muke haɗuwa, mu ashirin da 'yan kai, a wani aji mai fanka ɗaya wadda ba ta juyawa. Mai horar da mu wata gajeriyar mata ce 'yar kudu, Madam muke ce mata, in ta yi magana har ajin kusa sai an ji. Abubuwan da ta koya mana, a gidanmu sunansu rashin kunya. Ka miƙe tsaye. Ka kalli mutum cikin ido. Ka ce "ni", ka daina laɓewa a bayan "an ce". A taro kowa minti uku ne, ko wane ne shi, in an gama a ɗaga hannu a ƙirga. Takan ce shawarar da aka yanke da raɗa a bayan ɗaki ta masu ƙarfi ce, mai ƙaramin baki ba ya ciki.

Ba zan yi butulci ba, matar nan ta ba ni baki. Ranar da na fara cika minti ukuna ban kalli takalmina ba, aji ya yi tafi, na tako da ƙafa har unguwarmu Gardolé don murna ta hana ni tsayawa jiran bas. Amma kaina ya rabu biyu. Ranar Asabar in kalli ido, sauran kwana shida in durƙusa in sunkuyar da kai. Wata rana na manta wace rana ce, na zuba wa Baba ido ina ba shi labari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Idon naka ciwo yake yi ne?"

Ƙarshen horon, aka ce kowa ya koma unguwarsu ya nemo matsala guda, ya tara jama'a, a yanke shawara a bainar kowa, ya kawo rahoto da sa hannun ɗalibai biyu shaidu. Ni ban sha wahalar nema ba. Layinmu duk damina tafki yake zama. Ruwa ya shiga zaure, ya shiga madafa, Inna ta ɗora murhu a kan bulo tana girki da zane a ɗage. Kowa ya san maganin: a haƙa magudana ta gangara zuwa babban titi. Kowa kuma ya san hanya ɗaya ce ruwan zai bi, ta ƙofar gidan Baffa, daidai inda darbejiyarsa take.

Baffa ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, amininsa ne. Iyayensu tare suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, tare suka ya da zango a garin nan don su ɗan huta, hutun da har yau ba a gama ba. Mahaifin Baffa ne ya dasa darbejiyar. A ƙarƙashinta dattawan layi ke fito da akussansu bayan magariba a ci tare, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya ci tuwon dare ba tare da Baffa ba. To, wa zai ce wa mutumin nan ya sare itacen ubansa? Shekara da shekaru ana shan shayi a gindinsa, ana cewa Allah Ya kawo sauƙi. Ni kuma, da sabon bakina, abin haushi yake ba ni. Ina ganin tsofaffin nan tsoron juna kawai suke ji.

Na ce wa Baba makaranta ta sa ni in tara mutanen layi. Ban faɗi abin da za a tattauna ba, don Madam ta ce kada a yi kamun ƙafa kafin taro. Shi kuma bai tambaya ba. Ya zaci wani abu zan karanta musu da Faransanci su sa albarka. Da kansa ya bi gida-gida yana gayyata, fuskarsa fal fara'a.

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar, a ƙarƙashin ita darbejiyar. Dattawa a tabarma, samari a tsaitsaye, shaiduna biyu a kan benci da biro a hannu. Na miƙe tsaye a kan mutanen da suka halarci bikin sunana, na kwance agogona na riƙe, na ce kowa minti uku. Wani ya yi tari. Na zayyana matsalar ruwa tiryan-tiryan, na faɗi inda magudana za ta bi, na nuna itacen da yatsa. Na ji wurin ya yi tsit, na ɗauka iya maganata ce ta kama su.

Sai na ba Baffa dama, tunda abin ya shafe shi. Ya gyara zama, ya yi salati, ya gaida liman, ya gaida mai unguwa, ya tambayi lafiyar wani da ke kwance a unguwar Diguel, ya yi addu'a ga iyayen da suka rigaye mu. Yana cikin ambaton mahaifinsa da yadda suka iso garin nan, na duba agogo.

"Baffa, lokacinka ya cika."

Ya ɗago ya dube ni. "Na'am?"

"Minti uku ne, Baffa. Ya cika."

"Kalas, shi ke nan," ya ce.

Ba wanda ya karɓi magana bayansa, don haka na wuce mataki na gaba kamar yadda yake a takardata. Na ce duk wanda ya yarda magudana ta bi ta nan, ya ɗaga hannu. Samari uku suka ɗaga, suka waiga, biyu suka sauke. Dattawa kowa ya sami abin kallo a jikin tabarma. Shaiduna suka kalli juna. Na tsaya riƙe da agogo ban san gaba ba, ban san baya ba, na ji tsohon nauyin harshen nan yana dawowa. Sai na dubi Baba. Wallahi ba da nufin roƙo na dube shi ba, amma na san abin da ya gani a fuskata.

Ya daɗe yana murza carbinsa. Sannan ya ɗaga hannu, a hankali, ko kafaɗa bai kai ba. Da aka ga nasa, sai na liman ya tashi, sai na mai unguwa, sai saura. Aka bar Baffa shi kaɗai hannuwansa a kan gwiwa. Ni kuwa don in cika ƙa'ida har da tambayar ko akwai wanda bai yarda ba. Baffa ya miƙe, ya sa takalminsa, ya ce, "Shukuran, jama'a," ya shige gida. Shaiduna suka sa hannu, suka ce taro ya yi kyau.

Da magariba Baba ya fita da akushinsa, ya dawo da shi a rufe. Washegari da hantsi muka ji sara. Baffa ne ya kira masu gatari da kansa, yana tsaye a kansu har itacen ya faɗi. Kafin sati an haƙa magudana. Da aka yi ruwa na gaba, layinmu ya bushe kafin azahar. Ka ga abin da ya ruɗa ni ke nan. Abin ya yi aiki.

Inna ce ta tare ni ina wanke hannu, ta yi magana ba ta kalle ni ba.

"Kai, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Inna, ai ga shi ruwa ya daina shigo miki madafa."

"Sati uku ubanka yana hanya kan maganar nan. Ya je wa liman, ya je wa mai unguwa, ya kwana biyar yana lallaɓa Baffanka. Baffan ya riga ya yarda. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zai faɗa da bakinsa, ya ce ya ba da itacen sadaka ga mahaifinsa, a yi masa addu'a. Kwana ɗaya ya rage. Abin da mutum zai bayar da hannunsa, ka tara gari ka ƙwace."

Na ce to me ya hana Baba ya gaya mini? Ta ce da wa aka taɓa yin irin wannan magana da yaro? Ni me ya hana in gaya masa? Na ce ƙa'ida ce. Ta yi tsaki. Ta ce ita dai da mai raɗa da mai ɗaga hannu duk ɗaya ne a wurinta, tunda ba wanda ya tambayi matan da ruwan ke shiga wa tukunya.

Ranar da aka raba mana takardar shaida, rahotona Madam ta ɗaga ta karanta wa aji. Ta ce ga wanda ya shigo ba ya iya faɗin sunansa, yau ya tsaya gaban dattawa bai ji tsoro ba. Aka tafa. Na so in miƙe in ce ni, da bakina, na raba ubana da amininsa. An koya mini cewa "ni" ɗin, amma ban iya ba. Na karɓi takarda na ce na gode. Kunya da alfahari suka cakuɗe mini, na rasa wanne zan ji. Har yanzu da nake shugabantar taro a wurin aiki, sai na bi mutane ɗaya-ɗaya kafin a zauna, sannan in zo in sa a ɗaga hannu, kuma kowanne na yi sai in ji kamar na ci amanar ɗayan.

Baffa bai sake fitowa cin abinci ba. Ana gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan. Da damina ta wuce ya tattara ya koma unguwar Gassi, can ƙarshen gari, wurin babban ɗansa, wai ƙafa ta matsa masa, can ya fi iska. Baba ya rame. Yakan ci loma uku ya ture akushi, ya ce ya ƙoshi.

Ni na matsa wa Baba mu je wurin Baffa. Na shirya abin da zan faɗa tsaf, har da gwadawa gaban madubi. Muka sauya bas biyu, muka yi ta tafiya har gidaje suka fara yin nesa da juna. Baffa na ganinmu ya miƙe tsaye, ya kama hannun Baba da hannu biyu. Ya sa aka shiga ɗaki aka ɗauko sabuwar darduma. Aka kawo ruwan sanyi a kofin gilashi, aka kawo shayi a faranti. Ya tambayi iyali, ya tambayi unguwa, ya tambayi liman, ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya tsallake. Can muka ji kukan kaza a bayan gida.

Na durƙusa na fara jawabina. Ko rabi ban kai ba ya ɗaga mini hannu.

"Ma fi mushkila, ba komai, ɗana. Ai karatu ne. Allah Ya yi albarka, Ya sa ka fi haka."

Muka ci, muka sha. Da za mu tafi ya rako mu har bakin titi yana dogara sanda, ya tsaya sai da bas ta tashi. Na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Har na fara tunanin yadda zan ba Madam labari, in ce mata har sulhu na jagoranta.

"Baba, alhamdulillahi," na ce. "Ai ya huce. Ka ga irin karɓar da ya yi mana?"

Baba na kallon taga. Da ya juyo na ga idonsa ya kaɗa, abin da ban taɓa gani ba.

"Tun muna yawo ba wando nake shiga gidan mutumin nan," ya ce. "Ni nake ɗauko wa kaina tabarma. In na tarar yana ci, in ja kwanon gabana, ya zage ni in rama. Yau ya yanka mini kaza."

Na ce, "Ai karamci ne, Baba."

Ya ce, "Baƙo ake yanka wa kaza."