Mussar da Na Tsamo Daga Baƙin Mai

Wata biyu da ajiye aikina a ma'aikatar siminti ta Malbaza, ban iya zaman gida ba tukuna. Na saba fita da sassafe, sai ga shi babu inda ake jirana. In zauna a zaure, in tashi, in gyara ƙyauren da lafiyarsa lau, in zaga gari in dawo. Matata ta ce na fi kajinta safa da marwa a tsakar gida.

Wata Talata yawon ya kai ni garejin da manyan motocin siminti ke tsayawa. Bayan tulin tsofaffin tayoyi akwai rabin duro da makanikai ke zuba baƙin mai. Daga nan na ji wani kuka siriri. Da na leƙa, sai na ga ɗan kai yana motsi, sauran jikin ya nutse. 'Yar kyanwa ce, wadda mu nan muke ce wa mussa, ba ta fi tafin hannuna ba. Makanikan suka ce mota ta take uwarta tun shekaranjiya. Na tsamo ta, na naɗe a takardar buhun siminti, na nufi gida mai yana ɗiga a rigata.

Matata ta dube ni, ta dubi rigar. "Malam, mi ka kwaso muna?"

"Mussa ta."

"Wagga? Ai mutuwa za ta yi. Kar ka kawo mini ita kusa da tukunya."

Na shafe ta da man gyaɗa don baƙin ya saki, na wanke da sabulu da ruwan ɗumi har sau uku. Ashe fara ce da jan tabo a baya. Sai bayan ta bushe na ga ainihin ciwon. Idanunta biyu a manne da kwantsa, hanci yana yoyo, tana atishawa har ta faɗi gefe. Na sayo madarar shanu na ba ta da cokali, ta sha kaɗan, washegari zawo ya kama ta.

Kwana biyu na kasa zama wuri ɗaya. In je fadarmu inda muke shan shayi, kafin a zuba na biyu na miƙe. Abokaina suka ce tun da na bar injin siminti na koma reno. In dawo gida in buɗe kwalin da na sa ta, in tsaya ina kallon haƙarƙarinta ko yana ɗagawa. In rufe, in kai ƙofa, in komo in sake buɗewa. A sallar la'asar na rasa ko raka'a ta uku nake ko ta huɗu, sai da na yi sujadar mantuwa.

Ranar Alhamis na huda kwalin, na shiga motar haya zuwa Konni. A shingen hanya wani jandarma ya ƙwanƙwasa kwalin da yatsa.

"Baba, mi ke ciki?"

Na ce majinyaciya. Ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Allah ya ba ta lafiya," ya ɗaga mana hannu.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni buron likitan dabbobi. Masu raguna da masu maruƙa sun cika inuwa, ni kuwa ina tsakaninsu da kwali a cinya. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Ta yi dariya ta ce tun da aka kawo ta nan ba a taɓa zuwa mata da mussa ba. Amma da ta ɗauke ta, dariyar ta tsaya. Ta jiƙa auduga ta buɗe idanun a hankali. Na dama ya dube mu. Na hagu ya yi fari.

"Baba, ka bar ba ta madarar shanu, ita ke sa zawon. Romon kaza marar yaji, kaɗan kaɗan, da wannan sirinji marar allura. Ga man ido, ga maganin sha. Ba ni yi maka alkawari. In ta fara lasa da kanta cikin kwana huɗu, to da sauranta."

Na yini biyu ina ɗura mata romo tana furzarwa. Ranar Asabar da hantsi aka kira ni daga Illela: mijin yayata ya rasu. Na tsaya tsakar gida da salula a hannu, ina duban kwalin, ina jin kunyar cewa ina dubansa.

Da na roƙi matata ta kula da mussar kafin in dawo, ta ce ita kam ba ta taɓa ta. Duk da haka na nuna mata yadda ake riƙe kan, da yadda ake matsa sirinjin. Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba.

A Illela muka kai shi makwancinsa, muka zauna amsar gaisuwa. Mutumin kirki ne, shi ya fara koya mini tuƙin amalanke ina yaro, kuma na yi kukansa da gaske. Amma kowane lokaci hannuna yana aljihu. Sau biyu na zagaya bayan rumbu na kira gida, ba a ɗauka ba.

Washegari na shiga ciki gaida yayata. Tana zaune kan tabarma, fuska a kumbure. Ta ce tun jiya ake gaya mata ban zauna ba, mi ke damuna? Na so in ɓoye, na kasa. Da na gama ba ta labari, sai ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka ne. Dariya take, hawaye na zuba.

"Kai dai ba ka girma ba. Tashi ka tafi ka ga mussarka, ka dawo muna ranar bakwai."

Na isa Malbaza bayan azahar. Kwalin yana inda na bar shi, babu kowa ciki. Na leƙa ƙarƙashin gado, na duba bayan randa, sa'an nan na nufi madafa.

Matata na zaune kusa da murhu, mussar na kan cinyarta cikin tsohon zane, ta sa kai a murfin kwano tana lasar romo da kanta.

"Kukanta ya hana ni aiki," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Kuma kai ne ba ka iya ba. Da ƙarfi kake matsa abin, shi ya sa take shaƙewa."

Idon hagun bai dawo ba. Har yau in za ta haye katanga sai ta karkata kai ta auna, wani lokaci ta faɗo ta sake. Matata take bi ko'ina, har bakin rijiya. Ni sai na riƙo ƙashin kifi take sanin ina gidan.